Keke, Iyaka da Sallar Matafiyi a Jibiya

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, hanyar da ta taso daga Magama takan cika da masu kekuna tun hantsi. Wani ya ɗaure buhun gero a kariya, wani kwandon kaji, wani kuma ya goyo ɗansa. Akwai 'yan ƙauyukan gefen Najeriya, akwai waɗanda suka tsallako daga wajen Dan Issa da Madarumfa a Jamhuriyar Nijar. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keken da aka jingine a zaure ya sake samun daraja. Mutumin da ya yi asuba a wata ƙasa, ya yi azahar a wata, ya koma gida kafin isha, yana da tambayar da ta cancanci amsa: shi matafiyi ne a idon shari'a? Zai yi ƙasaru, ko zai cika raka'a huɗu?

A wata duniyar, irin wannan zagaye wasa ne. A shekarun 1970 wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa hawa Dutsen Tamalpais, da ke kallon teku, da tsofaffin kekuna masu kaurin taya, suna gangarowa a guje. Daga nan wasan keken tsauni ya yaɗu, har ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Masu yin sa sukan tsara hanya mai zagaye, a tashi daga wuri, a hau, a gangara, a dawo inda aka fara. Jibiya ba ta da teku, ba ta da tsauni. Yashi gare ta, kuma duk wanda ya tura keke da kaya a busasshen kwarin Kogin Gada da zafin bazara ya san yashi ma hawa ne. Ɗan wasan Kalifoniya da mai keken Magama sun haɗu a abu guda: dukkansu sun fita, sun jigata, sun komo gida a yini ɗaya.

Littattafan da ake karantawa a zaurukan Katsina sun daɗe da yin magana a kan hukuncin irin wannan tafiya. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta sa nisan tafiyar ƙasaru baridi huɗu, wato mil 48 na da, wanda malaman yau suke kintatawa da kilomita 80 da 'yan kai. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Abbas yakan yi ƙasaru a irin nisan da ke tsakanin Makka da Ɗa'ifa, ko Usfan, ko Jidda, ya kuma ce wannan baridi huɗu ne. Muhtasar na Shehu Halilu ya ƙara sharuɗɗa: a yi nufin nisan tun daga farko, kuma zuwa kaɗai ake ƙirgawa, ba a haɗa shi da dawowa. Saboda haka mai zagayen kilomita 90 da ya ƙare a ƙofar gidansa bai cika sharaɗi ba, domin rabin tafiyarsa komowa ce. Daga Jibiya zuwa Maraɗi kuwa wajen kilomita 50 ne. Ko mai keke ya kai har kasuwar Maraɗi, a Malikiyya huɗu zai yi.

Abin da ya fi jan hankali shi ne iyakar kanta ba ta shiga lissafi ko kaɗan. Shingen kwastan, tambarin fasfo, canjin naira zuwa sefa, babu ɗaya da ke mai da mutum matafiyi. Tarihin wurin ma yana goyon bayan wannan. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya fitar daga birni a wajen 1807 su ne suka kafa sarautar Maraɗi, kuma layin da ya raba Jibiya da Dan Issa Ingila da Faransa suka zana shi a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufewa, aka buɗe a Maris 2024. A duk wannan rufewa da buɗewa, adadin raka'o'in mutumin Magama bai canja ba. Hukuncin da zai dogara da layin da hukuma ke rufewa yau ta buɗe gobe ba zai zaunu ba.

Sai dai akwai abin da ke sosa rai, kuma bai kamata a rufe shi ba. Attajiri ya taso daga Katsina cikin mota mai sanyi, ya nufi Maraɗi, tafiyar wajen kilomita 90 da zai cinye cikin ɗan lokaci idan shingaye ba su tsare shi ba. Shi an sauƙaƙa masa, raka'a biyu zai yi, kuma da azumi yana da damar ajiyewa ya rama. In layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma zai ratsa ta Jibiya, ya fara aiki, fasinjan da ke gyangyaɗi a kujera ma haka. Mai keken da ya wuni yana fama da yashi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ba shi da wannan rangwame. Ina adalcin yake?

Malaman usulu sun amsa da bambanta dalilin da aka rataya hukunci a kansa da hikimar da ke bayansa. Hikimar ƙasaru ita ce ɗauke wahala. Amma wahala ba ta da ma'auni: abin da ya galabaitar da tsoho bai ko taɓa saurayi ba, kuma manomin da ke huɗa a gonarsa ya fi matafiya da yawa shan wuya. Da an ce duk wanda ya gaji ya rage salla, da kowa ya zama alƙalin kansa sau biyar a yini. Shi ya sa aka rataya hukuncin a kan abin da ake iya gani a auna, wato tafiya. Amsar tana da ƙarfi, ko da yake ba ta share gumin mai keke. Kuma ba duk malamai suka tsaya a baridi huɗu ba. Hanafawa sun auna da tafiyar kwana uku, Ibn Hazm ya sauko har mil ɗaya, Ibn Taimiyya kuma ya mayar da abin ga al'ada: duk abin da mutane suke kira tafiya, tafiya ce. Ko a wannan ma'aunin, da wuya mutumin Jibiya ya ce ya yi tafiya don ya leƙa Dan Issa gaisuwar mutuwa. A wurinsa maƙwabta ya je.

Malikiyya ba ta bar mai keke haka ba. Ta yarda matafiyi a ƙasa ya haɗa azahar da la'asar, ko magariba da isha, ko da tafiyar ba ta kai nisan ƙasaru ba. Ga wanda ke son ya wuce wani daji kafin duhu, a yankin da 'yan bindiga suka sa gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure a 2021, wannan sauƙin ya fi rage raka'a biyu amfani, kuma abin takaici ne yadda ba a cika karantar da shi ba.

Sauran sharuɗɗa biyu na Muhtasar sun koma kan manufa. Na farko, wanda ya fita don wasa kawai, kamar mai farautar nishaɗi, an karhanta masa ƙasaru. Nan ɗan wasan keke ya shigo. Amma ba kowane motsa jiki ne wargi ba. Mai ciwon suga da likita ya ce ya riƙa tuƙa keke, da ɗan tseren da sana'arsa ke nan, irin masu shiga gasar zagayen Burkina Faso da aka fara a 1987, ba za a jera su da mai kashe lokaci ba. Lafiyar jiki amana ce, kuma kula da ita manufa ce ingantacciya.

Na biyu ya fi nauyi a Jibiya: wanda tafiyarsa kanta saɓo ce, kamar ɗan fashi, ba shi da rangwame. Malamai sun bambanta shi da wanda ya fita da halal sannan ya yi laifi a hanya, kuma Hanafawa ma ba su sa wannan sharaɗi ba. To, ina matsayin mai bin ɓarauniyar hanya don kauce wa kwastan? Masu tsanantawa suna kafa hujja da wajibcin bin shugabanni a abin da ba saɓo ba, kuma hujja ce ta gaske. Amma kalmar fasa-ƙwauri ta tara mutanen da ba su yi kama ba. A cikinta akwai mai kai wa 'yan bindiga fetur da ƙwaya da harsashi, wanda babu mai shakkar hukuncinsa. A cikinta kuma aka jefa magidancin da ya ɗauko buhun gero daga gonar surukinsa a tsallake lokacin da aka rufe iyaka, da wanda ya nemo 'yar litar fetur ta injin ban-ruwa bayan hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, dokar da ta shafi garin Jibiya kansa. Kiran waɗannan biyun na ƙarshe masu tafiyar saɓo hukunci ne mai girma, kuma malamin da zai yanke shi yana bukatar ya san abin da ke cikin buhun, wa za a kai wa, da irin hanyar da doka ta bar wa mutumin a buɗe a ranar da ya hau kekensa.