Shin Kyakkyawar Niyya Tana Wanke Ƙarya A Takardar Biza?

Tun shekarar 2019 da Saudiyya ta fara ba da bizar yawon buɗe ido, wasu dillalai suka sami sabuwar kasuwa: a shigar da mutum ta Jidda da sunan ɗan yawon buɗe ido ko mai ziyara, ya laɓe a Makka har lokacin Hajji, alhali wannan biza ba ta ba da izinin aikin Hajji ba. To, shin wanda ya bi wannan hanya ya yi laifi, tunda ibada ya nufa?

Masu kare abin suna da hujjarsu. Sukan ce kuɗin kujera ya fi ƙarfin talaka, kuma kakanninmu da ƙafa suka ratsa Chadi da Sudan har Suwakin suka haye Bahar Maliya, ba wanda ya tambaye su biza. Gaskiya ne, amma a zamaninsu ba su yi wa kowa alkawari suka saɓa ba. Ita kuwa biza alkawari ce: an tambaye ki abin da ya kawo ki da ranar fitarki, kin amsa, kin sa hannu. Wadda ta rubuta "ziyara" da wata manufa a zuciyarta, da ƙarya ta fara tafiyar.

Sannan cutarwar ba ta tsaya kanta ba. A Hajjin 2024, mahajjata kimanin miliyan 1.8 aka yi wa tanadin tantuna da motoci. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu a tsananin zafin shekarar, kashi 83 cikin 100 marasa izini ne, waɗanda suka yi ta tafiya a rana ba mafaka. Masar ma sai da ta soke lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16. Su wa aka bar wa marayun? Kuma duk sanda aka karya ƙa'ida, masu gaskiyar da ke bayanmu ake tsananta wa.

Mu tuna, Hajji bai wajaba ba sai ga mai iko. Don haka 'yar'uwa, kada ki sayar da gwal ɗinki ko ki kwashe adashinki ki miƙa wa dillali, kada kuma ki matsa wa maigida don kawai a kira ki Hajiya. Ki bi ta hukumar alhazai ko kamfani mai lasisi, ki karanta abin da bizarki ta ce da idonki. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Allah Ya kira mu ta halastacciyar hanya, amin.