Ragon Layya: Daga Turke Zuwa Tukunya



Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wannan karo, wata tambaya ce da wani yaro ya yi mana a makaranta ran da aka koma karatu bayan Babbar Sallar bara. Yara sun taru, ba mai zancen allo, kowa sai labarin ragon gidansu. Wannan ya ce nasu sai da ƙarti huɗu suka kā da shi, wancan ya ce ƙahon nasu ya nannaɗe har sau biyu. Can gefe wani yaro ɗan shekara 9 ya yi shiru, bai tanka wa kowa ba. Da aka tashi sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya rage murya, ya ce, "Malam, mu da Baba bai yanka kome ba, mun yi salla kuwa?" Muka ce masa, "Kun yi mana, ɗana." Ya tafi. Amma fa mun ga alama amsar ba ta shiga zuciyarsa ba, mu ma kuwa ba ta kwantar mana da rai ba.

Ba a yi wata guda ba sai muka nemi yaron nan mai ragon ƙarti huɗu muka rasa. Da muka bincika, ashe da bashi aka sayi ragon, mai kuɗi ya matsa, har uban ya ɗora wa yaro talla ya hana shi zuwa karatu. Kada wani ya ce Malam kuɗin Larabarsa yake yi wa kuka. Yaron muke yi wa kuka, domin ya kusa izu goma, ga shi rago ya cinye masa karatu.

To, jama'a, ga gida biyu: ɗaya bai yanka ba, ɗansa ya kwana da baƙin ciki, ɗaya ya yanka abin da ya fi ƙarfinsa, ɗansa ya bar makaranta. Mu kuwa da muka yanka muka soye muka rufe, muna tsakiyarsu. Wannan ya sa muka ga ya kamata mu tambayi kanmu: da wane mudu ake auna layya? Da girman abin da ke ɗaure a turke, ko kuwa da inda abin da ke cikin tukunya ya kai?

Bari mu fara da zaɓen dabba, don nan ne cutar take somawa. Kowa ya san da watan Zulhajji ya kama, sai motoci su yi ta gangarowa daga arewa, daga Barkina Faso da Mali da Nijar, ta Paga da Bolga da Tamale, shaƙe da raguna masu dogayen ƙafafu, Balami da Uda. A gefensu kuma ga tumakin nan gajeru na ƙasar kurmi, waɗanda samari ke wa dariya suna cewa ba su fi kyanwa ba. Amma makiyaya sun san ɗan gajeren nan shi ke jure danshin kurmi da cizon tsando, dogon kuwa in ya daɗe a damshin Kumasi sai ka ga ya fara mura yana ramewa. Ido dai ya fi son dogo. Shari'a fa, me ta nema?

Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, ya san sharuɗɗan ba su da yawa. Rago ya kai shekara guda, akuya ta shiga shekara ta 2, saniya ta shiga ta 4. Kada dabbar ta zama mai ido ɗaya, ko marar lafiya, ko gurguwa wadda gurguntarta ta bayyana, ko ramammiya wadda ba kitse a jikinta. A yanka bayan liman ya yanka nasa, wanda ya riga liman sai ya sake. Kwanakin yanka uku ne, 10 da 11 da 12 ga wata, da rana ban da dare. Ba inda aka ce a auna tsawon ƙafa, ba inda aka ce a ƙirga nannaɗin ƙaho. Abin da zai ba samari mamaki ma shi ne, a mazhabarmu ta Imamu Maliki rago ya fi sa falala wajen layya, ko da san ya yi girman giwa, domin daɗin nama aka duba ba tulinsa ba. Watau ɗan gajeren ragon nan da ake wa dariya, in lafiyayye ne ya kai shekara, yana gaba da bajimin da ya tare hanya.

Sa'an nan layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, watau wanda kuɗinta ba za su taɓa abin da iyalinsa ke bukata na larura a shekararsu ba. Wanda ba shi da wannan hali ba a ɗora masa ba, ba shi da zunubi, kuma sallarsa cikakkiya ce. An ruwaito cewa Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da su, sukan bar yin layya wani lokaci da gangan, don kada mutane su ɗauka farilla ce. Ku duba tausayin shugabanni! Sun hana kansu don talaka ya huta da kunya. Mu kuwa yau mukan ɗaure rago a bakin hanya kwana bakwai, a ɗauki hotonsa a waya a aika ko'ina, ba mu tuna akwai mai wucewa da ɗansa a hannu.

Wannan ciwo ba yau ya fara ba. A cikin Muwaɗɗa, Sahabin nan Abu Ayyuba Al'ansari ya ba da labarin cewa a zamaninsu na farko mutum kan yanka tunkiya guda domin kansa da mutanen gidansa duka, daga baya ne mutane suka mai da abin gasa da alfahari. Shehu Halilu kuma a cikin Muhtasar ya lissafa tsauwala kuɗin abin layya cikin abubuwan da aka karhanta, malamai suka bayyana cewa dalili shi ne gudun fariya.

Mun san wani dattijo zai ce, "To, Malam, ashe ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi layya da raguna biyu masu ƙaho ba? Ashe ba a so a ƙosar da abin layya ba?" Gaskiyarka, Baba. An so mai ƙiba, an so mai kyau, kuma wanda Allah Ya hore wa bai kamata ya nemo wa Ubangijinsa abin da shi kansa zai raina ba. Ba mu ce mai hali ya yi rowa ba. Abin da muke cewa shi ne, raguna biyu suna iya zama kai ɗaya a kasuwa, amma ɗaya ibada ce, ɗaya talla. Kowa yana iya gwada kansa da tambaya guda: da a ce ba wanda zai ga ragon nan sai ni da mahauci, shin da shi zan saya? In amsa i ce, madalla. In kuwa zuciya ta yi ɗar, to, ƙarin kuɗin nan ba na Allah ba ne, na 'yan kallo ne. Alƙur'ani ya riga ya yanke magana a Suratul Hajji, aya ta 37, inda ya nuna cewa tsoron Allah ne ke isa gare Shi, ba nama ko jini ba.

Yanzu mu bar turke mu shiga madafa, inda maza ba su cika leƙawa ba, alhali kuwa nan ne rabin layya yake. Da an yanka an feɗe, sai maigida ya ɗanɗana hanta ya wanke hannu ya fita gaisuwa, ya bar uwargida da 'yan mata da wankin kayan ciki da babbakar kai da ƙafa da hayaƙi har dare. Muna roƙon iyayenmu maza, tun kafin a je kasuwa a zauna da uwargida a yi shawara, domin ita ta san bakin da za a ciyar, ita ta san ɗakin da ba a hura wuta ba. A kuma tuna ba a sayar da kome na layya, ko fata ce, ba a kuwa biyan mahauci ladansa da nama. A ba shi kuɗinsa, in an so a ƙara masa da kyauta.

A madafa akwai hanya biyu, ta kasko da ta tukunya. Ta kasko ita ce a yayyanka nama, a tafasa da gishiri da albasa da citta, a soya shi cikin kitsensa har ya bushe, a zuba a kwano a rufe, ko yanzu a cusa a firji, a riƙa ci da kaɗan-kaɗan har watan Muharram. Ta tukunya ita ce a sa ƙashi da nama a babbar tukunya, a yi romo, a kaɗa miyar gyaɗa ko ta ayoyo, a tuƙa tuwon zafi ko tuwon shinkafa, ko a dafa shinkafa da wake da karan dafi, a zuzzuba a akusa a ba yara su kai gida-gida. Suya tana tsuke nama, abin da ya cika ƙwarya ya koma rabi. Tukunya kuwa tana faɗaɗa shi, cinya guda ta ishi ɗaki goma. Kasko yana tsawaita kwanakin nama, tukunya tana yawaita masu cinsa.

Ba mu haramta suya ba, Allah Ya kiyaye. Ajiye naman layya halal ne, iyali kuwa su ne farkon masu hakki. Amma akwai wani labari da ya kamata kowane ɗan zango ya sani. Wata shekara waɗansu matalauta daga ƙauye suka kwararo Madina dab da salla, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a ajiye nama fiye da kwana uku. Da aka tambaye shi daga baya, sai ya bayyana cewa saboda baƙin nan ne ya hana, ya kuma yi izini a ci, a yi sadaka, a ajiye. Watau hukuncin ajiya ya bi halin mutanen gari. In maƙwabta sun ƙoshi, soya ka ajiye. In akwai yunwa a bakin ƙofa, kasko ya dakata. Ya kuma yi wa Abu Zarrin wasiyya cewa in ya dafa romo ya yawaita ruwansa, don ya sami abin kai wa maƙwabta. Ku duba, ba a ce masa ya ƙaro nama ba, ruwa aka ce, abin da ko matalauci yana iyawa.

Wane gari ya fi zango kama da Madina ta waccan shekara? Sunanmu ma ya faɗi asalinmu: zango masaukin ayari ne. Kakanninmu fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja, kuma da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, da yawansu suka bazu zuwa Karachi da sauran garuruwa, ba gida ba gona, suka ci a tukunyar waɗanda suka sauke su. Har gobe baƙi ba su yanke ba: 'yan mata masu dako a kasuwa da suka zo daga arewa, samari 'yan ci-rani, almajirai, da tsofaffin da 'ya'yansu suka yi nisa. Aya ta 36 ta wannan Sura ta ambaci mabukata iri biyu, mai roƙo da mai kame kai. Mai roƙo zai zo da ƙafarsa. Mai kame kai kuwa, kamar uban yaron nan namu, zai sa tsohuwar rigarsa mai tsabta, ya yi maka barka da salla da fara'a, ya koma ɗaki ya rufe ƙofa. Shi sai an neme shi.

Sauran magana guda da samari suka sha tambayarmu. A gidajen haya muna zaune tsakar gida ɗaya da Asante da sauran waɗanda ba Musulmi ba, yaya za a yi da su? Malaman Malikiyya sun karhanta ba su naman layya kansa, waɗansu malamai kuwa sun halatta. Amma hakkin maƙwabtaka ba wanda ya yi saɓani a kansa. Wanda ya tsaya kan karhancin, sai ya sayi kaza ko naman kasuwa ya ɗora musu tasu tukunya. Abin da bai dace ba shi ne ƙamshi ya shiga ɗakin maƙwabci, akushi bai bi bayansa ba.

Saboda haka ga shawararmu bana. Mai hali ya sayi lafiyayyen rago daidai ƙarfinsa, daidai ruwa daidai tsaki. Marar hali kada ya ci bashin da zai hana shi barci, ya tafi idi da kansa a ɗage. Kafin wuƙa ta taɓa wuya, maigida da uwargida su ƙirga ƙofofin da ba turke a gabansu, su san sunayensu. Ran salla a fara ɗora tukunya, kasko ya jira gobe. Samari kuma, maimakon yawon kallon ragunan mutane, ku zama masu ɗaukar akushi, ku kai da ladabi, kamar yadda ake kai wa dangi, ba kamar yadda ake miƙa wa maroƙi ba.

Yaron nan ya tambaye mu ko sun yi salla, muka amsa masa da baki, amsar ba ta ishe shi ba. Daga baya muka gane ba a makaranta ya kamata ya ji ta ba. Da akushi uku ko huɗu sun shiga ɗakin uwarsa ran salla, da bai yi tambayar ba sam. Gidanmu kuwa bai fi taku ɗari da nasu ba, kuma namu akushin bai je ba. Allah Ya yafe mana.

Allah Ya nuna mana salla lafiya, Ya karɓi ƙanƙanen aikinmu, Ya tsare mu da riya. Amin.