ƘULLIN DA BA SHI DA SUNA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wata tambaya tana yawan zuwa mini daga iyayenmu mata masu sana'ar zoɓo da kunun aya da lemon citta a nan Ƙofar 'Yandaka: Malam, kayan haɗin nan da ake ƙulla mana a leda, babu suna babu takarda, ya halatta mu zuba a abin sayarwa?

Ga yadda abin yake faruwa. Mai shago ya saro buhu, ya farke, ya ƙuƙƙulla a 'yan ledoji, buhun kuma ya tafi wajen masu gawayi. Sunan kayan da ranar lalacewarsa duk sun bi buhun. To sukari fari ne, gulukos fari ne, sakarin fari, ɗan tsami fari, farin magi ma fari. Sai a dangwala a harshe a ce, ai shi ne. Harshe ɗanɗano kawai ya sani, bai san guba ba.

Ba mu manta da Kano ba. A watan Maris na 2021, gab da azumi, aka yi ta kai mutane asibiti suna amai da fitsarin jini bayan sun sha lemon haɗi. Ma'aikatar lafiya ta jihar ta ce mutum 10 sun rasu, kusan 400 aka kwantar, wasu abin ya taɓa musu ƙoda. Da NAFDAC ta gwada, sai ta ce abin da aka sayar da sunan ɗan tsami wani sinadari ne daban mai suna haidiroksilamin. Masu haɗawar ba kisa suka fito yi ba, abinci suke nema. Kuma ku tuna, kayan shagunanmu da yawa daga Kano ake saro su.

Malamanmu na Malikiyya, cikin sharuɗɗan ingancin ciniki, sun ce dole abin sayarwa ya zama ma'alumi, wato sananne ga mai saye da mai sayarwa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. Idan kai mai shago ba ka san abin da ke cikin ƙullinka ba, wace jahala ce ta wuce wannan? "Haka aka ba ni" ba hujja ba ce, ɗan uwa.

Abin mamaki, an fi tsare ni da tambayar ko kunun da ya kwana ya zama giya. Tsami kaɗai ba ya haramta shi, maye ne illar haramcin. Madalla da wannan tsantsenin, amma ina ma a ce rabinsa ya koma kan abin da ake zubawa tun farko.

Mai shago, ka ajiye buhun har kayan su ƙare, ka rubuta suna a jikin kowace leda. Ke kuma Hajiya, ki ce a nuna miki buhun, a duba lambar NAFDAC da kwanan wata, ko da yaro ne zai karanta miki. Idan an ƙi, tsamiya da lemon tsami suna nan. Ƙullin da ya shige miki duhu ki zubar, ba almubazzaranci ba ne. Kuma don Allah kada a ce bari a haɗa a yi wa almajirai sadaka. Abin da ba za ki ba ɗanki ba, shi ma ɗan wata ne.

Idan kuwa rai ya salwanta, Allah Ya kiyaye, magana ta koma babin kisan kuskure, wanda aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora masa diyya da kaffara, azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu bawan da zai 'yanta ba. Wa zai ɗauka, mai ƙullawa ko mai haɗawa? Wannan alƙali ne zai duba gwargwadon sakacin kowa.

Wallahu a'alam.