So Da Baki, Ko So Da Ƙafa?

A Amurka kowace babbar jam'iyya takan yi zaɓen fid da gwani kafin zaɓen shugaban ƙasa. Tun 1971 ɗan shekara 18 ya sami ikon jefa ƙuri'a. A 2016 da 2020 yawancin matasan da suka yi zaɓe a jam'iyyar Dimokurat sun bi Bernie Sanders, amma manya suka fi su fitowa, ya sha kaye sau biyu.

To, wanda ya so abu da baki, ya ƙi taka ƙafa dominsa, yana da bakin kuka? A ganina babu, sai fa in an tare masa hanya. Ƙuri'a amana ce, zomo kuwa ba ya kamuwa daga zaune.