Kada Ki Taɓa Gidan Nan

Matso kusa, 'yar nan. Labari ya iske ni wai kin kira dillali ya duba rabonki na gidan gado, don ki yi wa yarinya kayan ɗaki. Ban ji daɗi ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Ɗakuna biyu ne a lungun Yakasai, na sani, amma a nan aka yanke cibiyar mahaifinki, Allah ya jiƙansa. In zama ya ƙi, Allah ya kiyaye, nan za ki dawo, nan ita ma za ta dawo. Wanda ya sayar da gida a cikin ganuwa da wuya ya sake mallaka, sai dai ki ji shi can Ɗorayi ko Rijiyar Zaki yana biyan haya.

To a kan me? A kan gadon da in mota ta sauke shi a bakin titi sai an kwance shi kafin ya wuce lungu, ya wuce zaure? Yaron da za ta aura ciki da falo ya kama. Ina za ki zuba saitin kujeru biyu? Mu da aka yi mana jere, tasoshi ne da kwanuka, kuma dukiya ce: ranar da ta ɓaci, mace ta zari ɗaya ta aika kasuwar Kurmi. Katakon yanzu kuwa, damina biyu ya kumbura, in kin kai shi wajen dillaliya ko rabin kuɗinsa ba za ta taya ba.

Na san abin da ke cin ranki, 'yan ganin ɗaki. Su shigo, su leƙa kicin, su ɗaga labule, su fita suna zunɗe. Ko me kika zuba sai sun yi, don haka suka zo. Ba kuma wadda za ta dawo ta tambaye ki yadda kika kwana da bashi.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kasuwar Singa ta koma, surukanki ma a garin nan suke sayen shinkafa. A 2023 ɗin ne gwamnati da Hisbah suka aurar da mutum 1,800 da matansu, sadaki naira 50,000, aka ba su gado da katifa da ɗan jari. An ɗaura, an shafa fatiha, ba wanda ya ce aurensu bai cika ba. Sahabin da ya zo wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da labarin aurensa, walima aka umarce shi da ita ko da tunkiya guda.

Ga abin da nake so. Kuɗin adashinki da gudummawar dangi, a tsaya a kansu. Kafinta na unguwa ya yi gado da durowa masu ƙwari. Kayan kicin ki je Ƙofar Wambai da ƙafarki, ban da 'yan rakiya masu cewa ƙaro wannan. Kamu da wuni a tsakar gida sun isa, ba sai an kama wurin dina ba. Anko kuma ki fitar da atamfar da maƙwabciyarki za ta iya saya a Kwari ba tare da ta ci bashi ba. Gwajin lafiya ne ba a tsallakewa, tun 2024 doka ce a Kano. In wani abu ya ragu, keken ɗinki za ki saya mata, tunda ta iya.

Maganar gara ki bar mini. Ranar Asabar zan je wajen uwar yaron da kaina, in ce mata su rage akwatunan lefe, mu ma mu kai abin da ya sawwaƙa. Ke dai ki aika wa dillalin nan yau, kafin magariba, ki ce an fasa.