Ciwon da Ke Tona Wa Kansa Asiri

Ko daga unguwar Plaine Orety aka ɗauki marar lafiya zuwa cibiyar cutar daji ta Angondjé, arewa da Libreville, ko daga Fagge aka kai shi asibitin Malam Aminu Kano, abu ɗaya ke cin ran likitan fiɗa: ina ciwo ya tsaya, ina lafiyayyen nama ya fara? In ya rage, ciwo ya dawo. In ya zarce, a ƙwaƙwalwa kuwa, sai mutum ya farka ba baki.

Tun 1905, da Dakta Louis Wilson na asibitin Mayo a Amurka ya fito da dabarar daskarar da ɗan nama a duba shi nan take, haka ake yi: a yanko, a aika ɗakin gwaji, a yi jiran minti 20 zuwa 30, marar lafiya na kwance a buɗe.

Yanzu madubin ɗakin gwajin ne ke zuwa wurin naman. Akwai na'urori irin su Cellvizio ta Faransa, masu siririyar igiyar haske da ake ɗora bakinta a kan nama mai rai. Sai ga ƙwayoyin halitta a allo, masu lafiya a jere cikin tsari, na daji a cunkushe, ga ƙwayoyin jini na bin jijiya suna wucewa. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya jera su tun ba idon da zai gani!

Ni dai abin da ya fi ɗaure min kai shi ne maganin 5-ALA. Kimanin awa 3 kafin fiɗa ake ba marar lafiya ya sha. Jiki ya san sinadarin, da shi yake haɗa jan launin jini. Ƙwayoyin dajin ƙwaƙwalwa sukan fara aikin, su kasa ƙarasawa, abin ya taru a cikinsu. Da likita ya kunna shuɗin haske, sai ciwon ya yi jajir kamar garwashi. Allah mai iko, gazawar cutar ce ke nuna maɓoyarta.

A binciken da Walter Stummer na Jamus ya jagoranta, wanda ya fito a 2006, an kwashe ciwon da hoto ke nunawa kakaf ga kashi 65 cikin 100 na waɗanda suka sha maganin, waɗanda ba su sha ba kuwa kashi 36. Sai dai dajin da bai tsananta ba sau da yawa ba ya haskawa. Fata ma tana ɗibar rabonta, shi ya sa ake kare marar lafiya daga rana da fitila mai ƙarfi har awa 24.