Wa Zai Sha Fura Da Shi?

In Allah ya ba ka karatu, ka tara iyalinka da dare bayan an ci tuwo, ka karanta musu wannan 'yar takarda da ƙarfi, domin tsohuwa ma ta ji.

Zan fara da laifin kaina. Shekarun baya wani saurayi na ƙauyenmu ya komo daga biɗa. Ya tafi da jikinsa, ya komo ƙashi da rai. Zawo ba ya tsayawa, tari ya hana shi barci. Ba wanda ya faɗi sunan ciwon a fili, amma a bakin rijiya ana ta raɗa, wai kabari kusa ne. Wata Lahadi ya lallaɓo ya zo sujada, ya zauna a bencin baya. Mutanen bencin suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Da aka tashi aka kawo fura a ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya, yadda muka saba. Ludayin ya fito daga hannunsa ya iso gare ni, sai na ce cikina ba daɗi. Ƙarya na yi, ga shi kuwa ni ne mai koyar da yara a makarantar Lahadi. Ya dube ni, bai ce kome ba. Bai ƙara zuwa ba. Kafin kaka ya rasu, uwarsa kaɗai ta yi jinyarsa.

Tsoro ne ya sa ni, tsoron kuwa na jahilci ne. Bari in gaya maka abin da na koya daga baya, don kada ka faɗa ramin da na faɗa.

Ciwon sida, wanda ake kira ƙanjamau, a Amurka aka fara gane shi a 1981. A 1983 masana a Faransa suka ga ƙwayar da take kawo shi. A 1987 aka sami mutum na fari mai ciwon a Nijar. Ƙwayar tana cin sojojin da Allah ya sa cikin jini su tsare jiki. In sojojin sun ƙare, kowace cuta sai ta shigo ba sallama, musamman tarin fuka. Hanyoyinta sanannu ne: kwanciyar namiji da mace, da jini, wato aska ko allura wadda aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba, da kuma uwa zuwa ɗa, a ciki ko wajen haihuwa ko a nono. Ba ta bin ludayi. Ba ta bin akushi, ko gaisawa da hannu, ko cizon sauro, ko zama a tabarma ɗaya. Da na sha furar nan, da ba abin da ya same ni.

Binciken da aka yi a ƙasarmu a 2012 ya nuna wajen mutum 4 cikin 1000 na manya suna ɗauke da ita. Za ka ce kaɗan ne. To, ka tsaya a kasuwar Agye ko ta Gazawa ko ta Gidan Rumji ran da ta cika, ka ƙidaya kawuna. Suna cikinmu. Waɗansu ba su sani ba, gama mutum yana iya yin shekaru da ƙwayar yana noma garau. Waɗansu sun sani, sun yi shiru saboda bakinmu.

Ga labari mai daɗi. Yanzu akwai magani. Tun 2004 aka fara ba da shi a Nijar, kyauta ne kuwa. Ba ya kashe ƙwayar ɗungum, danne ta yake yi. Yawancin manya ƙwaya ɗaya suke haɗiya kowace rana. Wanda ya riƙe shi da aminci yakan mai da jikinsa, ya koma gona, ya aurar da 'ya'yansa. In awo ya nuna ƙwayar ta kwanta har ba a ganinta cikin jini, ba ya sa wa matarsa. Mace mai ciki in ta je awo ta sha maganin, galibi takan haifi ɗa lafiyayye. Awon kansa ɗigon jini ne daga yatsa, kafin ka huta daga tafiya an ba ka amsa.

To, in magani kyauta ne, me ya sa har yanzu ake binne mutane?

Ka yi lissafi tare da ni. Ga gwauruwa a wani ƙauye nesa da kwalta, mijinta ya mutu ya bar mata ciwon da yara huɗu. Kuɗin kabu-kabu zuwa likita da komowa ya fi abin da take samu a mako. Da damina rumbu ya ƙare, ga noma, ga hanya ta lalace. Ta sha magani ciki ba kome, sai jiri ya ɗebe ta, ta ajiye. Wani kuma yana da likita kusa, amma yana tsoron kada ɗan garinsu ya gan shi a layi, sai ya wuce har Maraɗi. Wata biyu ya iya, na uku ya kasa. In kuwa aka bar maganin, ƙwayar takan farka, wani lokaci ma ta taurare har maganin farko ya daina cinta. Gwamnati ta kawo ƙwaya. Amalanke da hatsi da rufin asiri, waɗannan a hannun maƙwabta suke.

Mu masu bi na ƙasar Maraɗi bai kamata a koya mana wannan ba. Mun san Danja. Tun 1956 mishan ta buɗe asibitin kutare a can, a zamanin da kuturu yake cin tuwonsa shi kaɗai a bayan gari. Ina yaro a makarantar mishan na ga dattawa marasa yatsu suna riƙe Littafi Mai Tsarki da dungu, suna waƙa fiye da kowa. Ikilisiyoyi da dama a ƙasar nan, in ka bi asalinsu, za ka tarar da wanda aka wanke wa miki. Yaya jikokinsu za su zame daga benci?

Ka buɗe Markus sura 1. Kuturu ya durƙusa gaban Yesu. Ubangiji yana da ikon warkar da shi daga nesa da magana kaɗai, ya yi wa waɗansu haka. Amma wannan sai da ya miƙa hannu ya taɓa shi. Na daɗe ina tunani a kan hannun nan. Ina jin mutumin ya yi shekaru fatar ɗan adam ba ta taɓa tasa ba.

Na san abin da yake ranka. Kana cewa, ai kuturta ƙaddara ce, wannan kuwa hakin zunubi ne. A Yohanna sura 9 almajirai sun ga makaho, abin da ya dame su shi ne su san mai laifi, ko shi ko iyayensa. Yesu bai bi su ta nan ba, ya buɗe wa mutumin ido. Gaskiya ne zina zunubi ce, ba za mu sāke mata suna ba. Amma jariri fa, me ya yi? Amaryar da ba ta san kowa ba sai mijinta fa? Wanda ma ya faɗi da gaske, ashe ba domin irinsa da irina Almasihu ya hau gicciye ba?

Abin yi ba shi da wuya. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a nan ƙasar Maraɗi, mata suna zuba 'yan daloli a asusu mako mako, har dabarar ta bazu ƙasashe da yawa. Zumuntar Mata tana iya ware ƙwarya guda domin kuɗin hanyar marasa lafiya, ba sai an ambaci sunan kowa a gaban jama'a ba. Mai amalanke ya ba da rana ɗaya. Samari su yi wa gwauruwa gayya kafin ciyawa ta ci gonarta. Da kaka kowane gida ya aza dami ɗaya a gefe. Masu ciwon ma suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, RENIP+, inda wanda ya daɗe yana shan magani yake ƙarfafa sabo. Ka tambayi ma'aikacin likita yadda za a sadu da su. Dattawa kuma, in za a ɗaura aure, ko na budurwa ko na gwauruwa, mu shawarci ango da amarya su je awo tare. Wanda aka gaya wa asiri ya riƙe bakinsa, ko matarsa kada ya gaya wa, ko da sunan roƙon addu'a ne.

Kashedi ɗaya. In wani ya ɗora wa mara lafiya hannu, ya ce ya warke, ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya, kada ku yarda. Na ga kabarin da irin wannan magana ta haƙa. Mu yi addu'a da dukan zuciya, sa'an nan mu miƙa masa ruwa ya haɗiye ƙwayarsa.

In kuwa kai ne mai ciwon, ko kana zaton haka, Yesu bai zame daga bencinka ba. Ka nemi dattijo ɗaya ko uwa ɗaya wadda ka amince da ita, ka ce ta raka ka likita ran kasuwa mai zuwa. In an ba ka magani, ka tambaya ko za a iya ba ka na watanni, saboda nisan hanya.